Na Uku Daga Hagu

Sun dawo da tsohon fim ɗin sinimar bakin teku,
nan Valparaíso, daren Laraba, tikiti rabin kuɗi.
Jikata Maite ta riƙe mini sanda, na riƙe mata gugguru.

Labarin dai shirme ne:
baƙi daga wata duniya sun sauko cin ƙasa da yaƙi,
jirginsu ya mace a kan tudu,
suka ɓige da tallar soyayyen kifi don tara kuɗin gyara.

Ni ne na uku daga hagu.
Koren kai na roba, kunnuwa kamar faranti,
ido ɗaya a goshi, shi ma ba ya gani.
Ina ɗan ashirin da biyu a cikin robar nan,
gumi na bin bayana,
ladana kuɗin yini da burodi biyu.

"Kaka, yaya aka yi ka san kai ne?"
Dubi ƙasa, yarinya.
Ƙafafun roba sun ƙare kafin layi ya zo kaina,
sai na ci duniya da takalmin ubana
mai faci a dunduniya.

Zauren ya kece da dariya
sa'ad da shugabanmu ya durƙusa wa akwatin wasiƙu yana neman sulhu.
Ni idona na can bayansa:
gidan burodin Eleuterio, wanda gobara ta lashe daga baya,
igiyar shanya a barandar su Fresia,
rigarta mai ruwan ƙwai tana kaɗawa.
Ga hannunta ya leƙo da ƙwaryar wanki.
Ba ta san ana ɗauka ba,
balle ta san wannan dodon za ta aura,
shi ne kuma zai raka ta makwanci.
Daƙiƙa huɗu. Na ƙirga.

Can ƙarshe jirgi ya tashi,
baƙin suka isa gida
suka tarar an mai da tauraronsu wurin ajiye motoci.
Yara har da buga ƙafa.
Ni ma na yi, sai da tari ya sarƙe ni.

Sunaye suka wuce, babu nawa.
Muka kama hawan tudu, matakala bayan matakala,
ina nuna mata da sanda inda kaza yake a da,
tana gyaɗa kai
irin yadda ake yi wa baƙon da ya ɓata hanya.

A ƙofar gida ta tsaya, ta ƙare mini kallo.
Ta ce, "Kunnuwan dai suna nan."