Hayaƙin Janareto

Ni ke karɓar kuɗi a ƙofar gidan kallon Ilu,
ɗari babba, hamsin yaro,
marar ko sisi ya nemi ɓular zana ya sa ido.
Nan gabas da Jahun an gama yankan gero,
aljihu ya ɗan yi nauyi, benci ya cika har ƙasa.

Labarin ba shi da yawa.
Mai haƙar rijiya ne da 'yarsa tilo,
uwar ta rasu tun yarinya na goye.
Da yatsun da suka saba da diga ya zauna yi mata kitso,
layin ya fito a karkace kamar kunyar sabon manomi.
Ɗaki ya ɗauki dariya.
Tabawa mai ƙosai ta ɗaga murya daga tabarmar mata:
"Ku miƙo min kan yarinyar nan, don Allah, in gyara!"

Da ya ja bijiminsa kasuwa don kuɗin makarantarta
Haladu dillali ya miƙe tsaye:
"An cuce shi! Sa mai wannan tozo?
A Maigatari ko makaho ba zai sallama haka ba."
Aka ja masa riga. Ya zauna yana lissafi da yatsu.

Sai yana ta fara rufe idon uban.
Duk Juma'a in ta kira daga birni ya ce, "Lafiya lau,"
hannu ɗaya na laluben bango.
Nan aka rabu biyu.
Maza suka ce ya yi daidai, uba ba ya kai kuka wurin 'ya.
Inna Delu ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Ku dama haka kuke, sai an ɗauko ku a amalanke."

Ta dawo cikin farin kayan asibiti, ta tsaya gabansa.
Ya ce, "Wace ce?"
Daidai nan janareto ya yi tari biyu, ya mutu.

Ba wanda ya yi ihu.
Da ran ƙwallo ne, da tuni an zagi Ilu har kakansa.
Cikin duhu sai jan hanci,
wani benci na ƙara don na kansa yana girgiza.
Can waje jaki ya yi kuka, ba a yi dariya ba.

Da wuta ta dawo, kowane mai gemu na goge ido da hula:
"Hayaƙin nan naka, Ilu, zai makantar da mu."
Janareton kuwa yana bayan katanga,
iska na kai hayaƙinsa yamma.

An watse, ina ƙirga canji,
sai ga Baba Cindo maƙeri, mai amsa gaisuwa da kai kawai.
Shekara biyu ke nan Hansai ta tafi Dutse koyon ɗinki
ba da son ransa ba, bai ƙara kiran sunanta ba.
Ya cire hula, ya zaro takarda daga cikinta,
ta yi laushi kamar tsohuwar naira, lambobin sun kusa gogewa.
"Yaro, wayarka da kati?"

Ta yi ƙara sau huɗu.
Ya riƙe ta nesa da kunne kamar ƙarfen da ya fito daga wuta.
"An yi girbi," ya ce. "Geron ya yi kyau."
Shiru.
"Kin ci abinci?"
Na juya baya, na sake ƙirga kuɗin da na riga na ƙirga.

Ni ban ga ƙarshen fim ɗin ba, ina korar yara a ƙofa.
An ce ya warke. Tabawa ta ce ido ɗaya ne kawai.
Na isa gida, fitila ta kusa shanye mai,
'yata ta wata bakwai na barci da yatsa a baki.
Na shafa kanta a hankali.
Gashin bai isa kitso ba tukuna.