Alwalar Baba

Shekara goma sha ɗaya ina bisa kwalta,
Garwa zuwa Ngawundare, Ngawundare zuwa Kusuri,
auduga a bayana, rediyo a gabana.
Na san kowane rami da inda yake kwana,
amma ban san ranar da hannun Baba ya fara rawa ba.

Dudu ce ta kira ni daga Yelwa:
"Ya faɗi a bakin rijiya. Ɓarin dama ya mutu."
Na damƙa wa yaron mota makulli,
na ce mako biyu.
Damina uku ke nan.

Ba zan ɓoye ba, da fushi na fara.
In ɗaga shi kamar buhu,
in juya shi kamar taya,
kunu ya zubo ta gefen baki
in goge da ƙarfi har ya runtse ido.
Da dare manyan motoci na kuka a kan gadar Binuwai,
ina kwance ina ƙirga giyar da direba ya sa,
ina cewa, ya Rabbi, me na yi?
Shiru.
Sai sauro.

Kuma ba ya kiran sunana.
Bakari yake cewa,
Bakarin da kogi ya tafi da shi tun ban yi kaciya ba.
"Bakari, rana ta yi?"
Sali ne, Baba.
"To, Bakari."

Wata asuba ta bazara, ba wuta, ba iska,
na ɗauko dutsen taimama don in huta da jiƙa tabarma.
Ya ture shi da hannun da ya rage masa,
ya nuna buta.
Na wanke masa fuska ina tsaki a ciki,
na wanke hannu mai rai, na wanke wanda ya yi shiru,
na watsa ruwa a ƙafa zan miƙe,
sai ya ce, da rabin harshe:
"Dunduniya."

Haka ya ce mini ina ɗan shekara bakwai,
a kan yashin kogi, kunnena a hannunsa.
Mutumin da ya manta Inna ta rasu,
ya manta kuɗin sukari, ya manta ni,
bai manta dunduniya ba.

Na koma na zauna a ƙasa.
Na ɗora ƙafar a cinyata, na dube ta.
Faso ne ko'ina, kamar fadama a watan zafi,
shekara arba'in na zuwa kasuwar Pitowa
da kayan koli a ka,
don in ci, in yi ƙiba, in koyi tuƙi, in tafi.
Na zuba ruwan a hankali.
Ba duka daga buta ya fito ba.

Yanzu fetur nake sayarwa a kwalabe a ƙofar gida,
kunne ɗaya ga masu babur, ɗaya ga tarinsa.
Dudu na suyar ƙosai, mu haɗa sefa dubu biyar ta magani.
Liman ya ce lada nake tarawa.
Ban sani ba, ba ni ke riƙe da littafin ba.
Abin da na sani, sujadata ta yi tsawo,
ni da nake sallah kamar mai tsoron a rufe shinge.

Har yau akwai ranar da zuciya ke tafasa.
In fita, in tsaya ƙarƙashin darbejiya,
in bar ta ta huce kamar inji,
in dawo in canza zanen gado.

Jiya, ina tsakiyar wanke masa ƙafar dama,
ya dafa kaina ya ce,
"Bakari, ina Sali?
Yaron nan ya daɗe a hanya."

Na ce, ya kusa isowa, Baba.

"Allah ya kawo shi lafiya."

Na ce amin,
na jawo ƙafar hagu.