Buhu na Uku

A ƙasan adakar Kaka Cindo,
ƙarƙashin rasiɗan goro da tsohuwar hular saƙi,
na tarar da littafi mai bangon kwali,
gara ta ci masa kusurwa.
Ajami ne, da fensir.
Sunaye a dama, zane-zane a hagu kamar lissafin bashi.

Ya ce ba bashi ba ne, ƙwallon kulki ce.
Wai wani kukun jirgin ruwa, baƙi, mai Turancin hanci,
jirginsu ya lalace a Apapa wata huɗu,
zaman banza ya ishe shi,
ya sauko da kulki ɗaya, ƙwallo uku,
da safar hannu mai faɗin tafin raƙumi.
Shi yana cewa besbol. Su suka ce kulki, suka huta.

Jirgi ya gyaru, kuku ya tafi, wasa ya zauna.
Ƙungiya huɗu suka tayar:
'yan dakon Apapa, 'yan goron Agege,
leburorin reluwe na Ebute Meta,
sai mahauta, da ba su taɓa cika mutum tara ba,
kullum sai sun ari yaron wani.
Sisi-sisi ake tarawa ran Lahadi.
Buhu huɗu cike da yashi, su ne zango:
ka maka, ka sheƙa, ka zaga, ka dawo gida.

Kaka ne mai jifan Agege.
Yatsan nan na shida da ya sha ba'a a kansa
shi ke murza ƙwallo ta kauce a iska
kamar tarwaɗa ta hango ƙugiya.
Nwokedi na reluwe ya rantse asiri ne,
ya sa aka wanke hannun da sabulun salo a bainar jama'a.
Aka wanke. Ta ƙara kaucewa.

Rani biyu da ɗan guntu, iyakar kwanan abin ke nan.
Ƙwallo ta fari ruwa ta faɗa,
masu kwalekwale suka ce ba su gani ba.
Ta biyu ta dira a taragon da ya nufi Arewa,
Kaka ya ce ta riga shi komawa gida.
Ta uku, Jatau baduku ya yi ta ɗinki
har zare ya fi fata yawa.

Shafin ƙarshe: Agege shida, Apapa shida.
Raimi Gajere na kan buhu na uku,
ƙafa ɗaya a gaba, idonsa a gida,
Kaka ya ɗaga hannu ke nan,
sai ruwan Ikko, wanda ba ya sallama.
Aka watse, kowa da buhu a ka.
Aka ce sai Lahadi.

Lahadi ta zo ta tarar da waya mai ƙaya,
da allo, da tsibin siminti, da maigadi mai kare.
Sule huɗu da ahu suka rage a gwangwani,
aka sha shayi da burodi, kowa ya kama gabansa.
Ba kofi, ba hoto.
Kulkin ma kakata ta mai da shi taɓaryar yaji
har ya tsage.

Jiya na je wurin.
Kwantena bisa kwantena, tanka bayan tanka,
hayaƙi ya hana ni ganin ruwa.
Maigadi ya ɗauka aiki nake nema.
Na ƙirga taku talatin, na juya, na sake ƙirgawa.
Inda na tsaya, wani direba na barci a ƙarƙashin mota.

Na tuna ranar da aka kawo wa Kaka labari
cewa Raimi ya rasu a Ikorodu.
Ya yi salati, ya yi shiru,
ya dubi hannunsa na dama, ya daɗe.
Ya ce: Ina zai je?
Ai ban jefa ba tukuna.