Haruffa Shida a Ƙofar Herminia

Ta shigo ofishina ranar Talata,
ƙanƙarar Omaha na narkewa a takalmanta.
Ta miƙo waya. Hoton ƙofar gida ne,
haruffa shida da jan fenti,
ya dalalo har ƙasa kafin ya bushe.

"Ke ce tafinta. Me suka kira ɗana?"

Snitch.
Na san kalmar kamar yunwar cikina,
shekara sha ɗaya ina juya ta gaban alƙali
ban taɓa sarƙewa ba.
Mutanen Meziko na cewa soplón, mai hurawa,
kamar asiri garwashi ne a ƙarƙashin toka.
A Kyuba chivato, ɗan akuya sarkin kuka.
A Kolombiya sapo, kwaɗo, baki har kunne.
Wani Baturen ma ɓera zai ce.
Kowace ƙasa ta nemo abin da za ta laƙaba masa
don a ji daɗin jifa.

Amma ita daga duwatsun Gwatemala ta fito.
Can oreja ake cewa. Kunne.
Wanda ke raɓe jikin bango da dare,
da safe sojoji su zo da suna a takarda.
Ta taɓa gaya mini, muna jiran likita,
yadda aka fita da wanta ba ko takalmi.

Shi kuwa Efraín me ya yi?
A mayankar da yake aiki
an cire murfin injin don nama ya yi sauri,
injin ya cinye yatsu uku na Baudilio.
Da masu bincike suka zo, kowa ya dubi ƙasa.
Shi ya ɗaga hannu.

Na gyara takardun da ba sa bukatar gyara.
Na ce, "Suna nufin ya yi magana."

Ta dube ni, irin kallon da ake wa yaro
mai ɓoye fasasshen kofi a bayansa.
"Oreja," ta ce. "Faɗi, ba za ta ƙone ki ba."
Ta daɗe tana kallon hoton.
"Wancan a duhu ya yi, aka biya shi.
Nawa da rana tsaka ya sa hannu,
da sunansa, da na ubansa.
Turancinku ba shi da kalma biyu ne?"

Akwai, na ce, sai dai doguwa ce,
ba mai rubuta ta a ƙofa.

Ta mayar da wayar cikin jaka,
ta tambaye ni wace bas ce
ke bi ta kantin fenti.