Riguna Goma Sha Takwas

Ban taɓa buga wa 'Yan Masaƙa wasa ba.
Ni ne mai wanki.
Duk Litinin Koci Barau kan jefo buhu a zaurena
nan Kakuri, bayan katangar kamfanin da ya mutu:
riguna goma sha takwas, safa ba adadi,
kuɗin sabulu a hannu, na aiki sai an ci wasa.

Ba na zuwa fili, gwiwa ta hana.
Amma baho ba ya ƙarya.
Kakar bana a cikin ruwa na karanta ta.

Makon farko jar ƙasar Kafanchan
ta rina ruwan kamar an jiƙa zoɓo.
Rigar Habila mai tsaron raga ta fi ta kowa dauɗa,
ciki da baya, har wuya.
Ba sai an ce mini biyu da nema ba.

Na uku, taɓon Saminaka, baƙi mai danƙo.
Mota ta mace musu a Pambeguwa,
suka tura ta da takalman wasa,
suka isa alƙali na duban agogo,
aka tashi canjaras.
Daren nan Barau ya ƙaro mini ɗari biyu.

Lamba tara ta Lawandi ce.
Da safe walda yake a Panteka,
tartsatsi na huda masa hannu,
da yamma shi ya huda raga.
Bakwai ya zura kafin masara ta yi goyo.
Sai ga wani mai jaka da turare
ya ce akwai gwaji a ƙetare, a kawo na fasfo.
Lawandi ya sayar da injinsa.
Mako biyar rigar na dawo mini a ninke,
guga bai ko baje ba.
Ina wanke ta duk da haka.
Ran da ta zo da warin gumi, hammata a yage,
ban tambayi kowa ba.
Allura na ɗauko.

Jini ba ya son ruwan zafi,
wannan a wuyan rigar Zakka na koya,
ran da dutse ya taso daga cikin 'yan kallo
saboda fanaretin da ba shi ya bayar ba.

Me ban tsinta ba a gindin buhu?
Laya, ƙaramin gicciye, ɓarin goro,
takardar awon cikin matar wani,
lissafin alawus na wasa shida
da Alhaji Maikano ya ce a ƙara haƙuri.
Nakan jera su a bakin taga,
kowa ya zo ya ɗau nasa, ba a magana.

Wasan ƙarshe, in an sha kashi an nutse.
Tun azahar sama ke zuba,
kogin Kaduna ya cika ya batse.
Buhu bai iso ba sai bayan isha'i,
wani yaro ya ajiye ya ruga.
Na zazzage.
Duka taɓo, ƙirji da gwiwa,
har na 'yan benci da ba su taɓa ƙwallo ba.
Wanda ya zame don murna
da wanda ya kife don kuka,
ashe dauɗarsu iri ɗaya ce.
Yau kam baho ya yi shiru.

Na ƙirga: goma sha bakwai.
Na sake ƙirgawa.
Babu tara.

Da asuba Barau ya leƙo, murya a dushe:
"Mun sha da maki ɗaya.
Lawandi ya ci a minti na tamanin da tara,
ya cire riga ya cilla wa jama'a.
Za a cire kuɗinta a alawus ɗinsa."
Na ce, wane alawus?
Muka yi dariya har ya dafa bango.

Ga su can a kan igiya,
kafaɗa da kafaɗa kamar ana jiran bugun tazara,
iska na cika musu ƙirji.
Na bar gurbi ɗaya tsakanin takwas da goma.
Har yanzu ina bin ƙungiya dubu huɗu da ɗari biyar.