Awon Kwari

Maki talatin, in ji Dakta Lamuwa,
ya rubuta a allo, ya ja layi biyu a ƙasa:
wanda bai taka unguwa ba a zangon nan
kada ya nemi sunansa cikin waɗanda suka haye.
Aji ya ɗauki guna-guni kamar tukunyar wake.
Ni ina lissafin kuɗin mota,
Lamela na tausayin farin takalminta.

Ran Asabar muka sauka bayan Bogo,
mu tara, da igiyar awo, da turaku masu jan kai,
da manyan kalmomin da muka haddace daren jiya.
Ga kwarin nan kwance, baki buɗe,
ja wur kamar inda mahauci ya tsaga,
ledoji na lilo a saiwar dogon yaro
da ƙasa ta gudu ta bari tsirara.

Na riƙe bakin igiya, Manga ya gangara da ɗayan.
Faɗi: mita goma sha ɗaya da ɗigo huɗu.
Na rubuta da kyau, har da ɗigon.

Sai tsohuwa ta fito daga rabin gida.
Rabin gida na ce, don zauren ya riga ya tafi.
"Sannunku da aiki. Bara ma an auna.
Bara waccan ma, masu hular roba sun auna.
Shi ba ya ƙin awo, ci ne dai ba ya fasawa."

Goggo Dudu ke nan, da nata ma'aunin:
"Shekarar da aka yaye Sa'adu, akuya na tsallake shi.
Sai ya ci makewayi.
Sai ya ci rijiya, da gugan a ciki.
Ɗakin da na yi jego bakwai
yana can ƙasa. Kun taka shi ɗazu."

Na duba takardata.
Akwai gurbin faɗi, akwai na zurfi, akwai na irin ƙasa.
Babu gurbin ɗakin jego.

Muka dawo da jema dami-dami,
da buhunan siminti arba'in da muka cika da yashi.
Muka jera su inda taswira ta ce.
Goggo ta tsaya, hannu a ƙugu, har muka gama,
sannan ta ce, "Takardar nan ta taɓa kwana a nan cikin Agusta?
Ta bayan masallaci yake zuwa, tun da aka gyara titi."
Muka kwashe. Muka sake jerawa.
Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe,
takalmin Lamela ya koma kalar kwarin,
ita ce ma ke tsawata mana mu yi sauri.

Daren jarrabawa hadari ya haɗo daga gabas.
Littafi a cinya, shafi ɗaya tun isha,
kunnena na kan kwano,
ina ƙirga buhuna cikin duhu.
Da asuba na hau acaɓa da biro a aljihu.
Sha biyu sun tafi.
Sauran na nan, sun sha laka.
Jema ta kwanta, amma ba ta saki ba.
Goggo na shara a ƙofar ɗakin da ya rage,
ta ce, "Kai ba yau ne gwajin naku ba? Wuce!"

Ashirin da uku na samu.
A shafin ƙarshe, inda na jera madogara,
tsakanin sunayen masana na sa nata.
Dakta ya zagaye shi da jan biro:
"Wace shekara? Wace maɗaba'a?"
Can ƙasa kuma, da ƙaramin rubutu:
"Ka kai ni wurinta."

An rufe kwas ɗin tun watan jiya.
Ba mai ɗaukar suna yanzu.
Jibi dai za mu koma, ni da Manga,
akwai buhu sha biyu da ake bin mu,
kuma ta ce a zo mata da igiyar nan,
tana son ta gani da idonta
ko ɗigo huɗun ya ƙaru.