Kujera ta Biyar

Ran Alhamis suka zauna a ofis,
darakta, da mushen aji shida, da ma'ajin kuɗin iyaye,
da wani baƙo mai jaka daga Yamai.
Kujera huɗu, kofin shayi huɗu.
Ni ina bakin famfo
ina wanke wa Nomau wando.

Da azahar takarda ta iso da hatiminta:
wasa minti ashirin, ƙarfe goma daidai,
a jeru, a tafa sau uku, a zauna.
Tsakuwar nan ta gindin bedi kuma
a share ta, ƙazanta ce.

Ranka ya daɗe, tsakuwar nan ita ce littafina.
Da ita Habsu ta gane bakwai ta fi biyar,
ran da Cima ta cinye ta a carafke,
ta yi kuka, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.
Tsayabu da ya yi wata uku bai ce uffan ba,
a kan dokin kara ya fara magana,
"ku kauce," ya ce, muka kauce,
na juya baya don kar ya ga idona.

Ban ƙi tsari ba.
Wa ya fi ni sanin tsari,
ni da ke raba ƙwallo ɗaya ga yara hamsin da uku?
Na san wasan da ke kwantar da mai yunwa,
na san wanda ke tada faɗa ran kasuwa,
na san ƙarfe goma rana ta ci filin,
yashi ya yi zafi, rabinsu ba takalma.
Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo,
amma an hau rufin, ba a yi mini sallama ba.

Ran Litinin darakta ya zo da kansa
ya ga ko an share.
Ya tarar an buɗe kasuwa a gindin bedi,
marafan lemo tumatir ne, ganye kuɗi.
Ra'ila ta kama masa riga:
"Mushe, sayi na dala uku."
Ya tsinci ganye biyar ya ba ta, zai wuce.
Ta ce, "Tsaya, canjinka."
Ta lissafa biyu a tafin hannunsa,
ɗaya, biyu, da ƙarfi, kamar mai kashedi.

Ya daɗe a tsaye da ganyen.
Bai ce kome ba. Ni ma ban taya shi ba.

Alhamis ta zagayo, aka aiko yaro:
wai ana kirana a ofis.
Kujerun dai huɗu ne,
sai na koma aji na ɗauko ta yara,
'yar shuɗiyar nan mai ƙafa ɗaya a ɗaure da waya.
Na zauna, gwiwata ta kusa haɓa,
tebur ya zo mini iya wuya.
Suka yi dariya, na bar su suka gama.

Na ce, daga nan ƙasa ake ganin lakwal
yadda masu ita ke ganinta.
Na zazzage aljihu a kan takardunsu,
tsakuwa bakwai suka gangara.
To, mu fara daga ƙarfe goma.